Tsohuwar Katafila Don Sharar Gona: A Saya Ko A Yi Haya?

Tsadar abinci ta 'yan shekarun nan ta mayar da mutane da yawa gona, har da waɗanda rabonsu da fartanya tun suna yara. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya yi ritaya zai samu fili mai hekta 20 ko 50 a jihar Neja ko Nasarawa ko Taraba, ya je ya tarar daji ne sosai: ga ƙirya, ga marke, ga maje, ga suri ta ko'ina. Tarakta ba ta shiga irin wannan wuri sai an tumɓuke kututture, domin saiwa ɗaya da ta saura a ƙasa ta isa ta karya garma. Sai ya tambayi masu ba da hayar katafila kuɗin yini guda, su faɗi abin da zai sa jikinsa ya yi sanyi. Ana cikin haka dillali zai ɓullo: "Alhaji, akwai wata D7 da kamfanin hanya ya bari. Ƙarfen da ne, ba ya mutuwa. Ɗan gyara kaɗan take nema." Nan da nan lissafi ya zo a zuci: in saya, in share gonata, in ba maƙwabta haya, in na gama in sayar in mayar da kuɗina.

Lissafin yana da daɗin ji, kuma akwai waɗanda ya yi wa daidai. Amma duk wanda ya sayi tsohuwar katafila ya shiga sabuwar sana'a, ko ya sani ko bai sani ba, sana'a mai neman bakanike da direba da jarin gyara da kasuwar aiki. Wanda ya shirya wa wannan sana'a yana iya cin riba. Wanda gona kawai yake son sharewa, haya ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Ga dalilan, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ake tallatawa

Asalin wannan na'ura gona ne. A 1904 Benjamin Holt ya gwada tarakta mai tafiya a kan sarƙa a yankin Stockton na jihar Kalifoniya a Amurka, inda laushin ƙasa ke sa manyan injuna nutsewa. Sarƙa tana baza nauyin injin a kan fili mai faɗi, ta kuma ba shi damar kama ƙasa ya tura abu mai nauyi. A 1925 kamfanin Holt ya haɗe da na C. L. Best suka zama Caterpillar.

Waɗanda aka fi gani a kasuwar na-hannu a wajenmu su ne D6 da D7 da D8 na Caterpillar, sai Komatsu ta Japan irin su D65 da D85, sai Shantui ta Sin wadda ta shigo daga baya. D7G tana da nauyin kusan tan 20 da ƙarfin doki 200. D8K ta haura tan 30, ƙarfinta doki 300. Dukansu a 1974 aka fara ƙera su, don haka ba abin mamaki ba ne a tallata maka wadda ta haura shekara 40 tana aiki.

Dillali bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Waɗannan tsofaffin injuna suna da abin yabo. Ba su da kwamfuta a jikinsu, famfon mansu na ƙarfe ne zalla, bakaniken da ya ƙware yana iya gano ciwonsu da kunne da hannu. Injin 3306 da ke cikin D7G shi ne a cikin janareta da gireda da dama, saboda haka masu gyaransa da kayansa ba su yi ƙaranci ba. Ana samun kaya na asali a wajen Mantrac, wakilin Caterpillar a Najeriya da Gana, ana kuma samun na kamfanonin kwaikwayo da na-hannu a manyan kasuwannin kayan gyara. Sabuwar katafila kuwa ta fi ƙarfin manomi ɗaya, sai kamfani ko gwamnati. Wannan ne ya sa tsohuwar ke da farin jini.

Kuɗin yana ƙafa

Mai sayen mota injin yake fara saurara. Mai sayen katafila ƙafa ya kamata ya fara dubawa. Masu ƙera ta da kansu suna cewa kusan rabin kuɗin da ake kashewa wajen kula da katafila tsawon rayuwarta a ƙafa yake tafiya: sarƙa da fil-fil da bushin ɗinta, rololin da take birgima a kansu, gargaren gaba, gargaren baya mai haƙora da ke jan sarƙar, da farantan da ke taka ƙasa. Duk waɗannan ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, ƙasa na tsakaninsu. Ƙasarmu kuwa yashi ce da tsakuwa da marmara, masu cin ƙarfe da sauri.

Ciwon ƙafa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan fil da bushin suka ci, sarƙa ta ƙara tsawo, ba za ta ƙara zama daidai a kan haƙora ba, sai ta cinye su. In ka sa sabuwar sarƙa a kan tsofaffin rololi, su ma su cinye ta. Shi ya sa sau da yawa sai an sauya kusan komai lokaci guda, kuma a tsohuwar katafila kuɗin wannan aiki yana iya yin kafaɗa da kuɗin da aka saye ta. Araha ba ta ado. Wanda ya sayar da ita da rahusa galibi ya riga ya auna ƙafar, ya ga gyaran ya fi ƙarfinsa.

Ga abin da ido da hannu za su gaya maka. Haƙoran gargaren baya masu lafiya bakinsu da faɗi. In sun yi tsini, sun ƙare. Zura hannu ƙarƙashin sarƙa ka shafa bushin: in ka ji ya baje ta gefe ɗaya ko ya tsage, ya gama aiki. Rolar da ke tsiyayar mai ta mutu ko tana hanya. Duba gargaren gaba: in an tura shi har ƙarshen mazauninsa don a ɗaure sarƙa, ba sauran abin ja. A ƙirga gaɓoɓin sarƙar a gwada da adadin da ya kamata samfurin ya kasance da shi, domin akwai masu cire gaɓa ɗaya don sarƙar da ta saki ta yi kamar sabuwa.

Ranar dubawa

Ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku isa da sassafe, a taɓa injin a ji da sanyinsa, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi. In ya tashi a lura da hayaƙi: baƙi na ɗan lokaci ba laifi, shuɗi alamar yana shan baƙin mai, fari da ya ƙi ɗaukewa yana iya nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba ko man ba ya ƙonewa daidai. A zaro sandar auna mai: in ya yi launin madara, ruwa ya gauraya da shi. A leƙa lagireto ko yana kumfa. A kwance murfin tsiyayar mai na giyar da ke juya ƙafa ta kowane gefe, a sa mayen ƙarfe. Ƙura-ƙurar ƙarfe mai laushi ba ta tayar da hankali, amma gutsattsarin da yatsa ke ji yana nufin haƙori na karyewa a ciki.

Bayan haka a sa ta aiki na gaske, awa ɗaya ko biyu tana tura ƙasa, ba zagaye a gareji ba. Giya da kuloci ba sa nuna halinsu sai mai ya yi zafi. A juya ta dama da hagu tana ɗauke da kaya. In ta ƙi juyawa ta gefe ɗaya, kulocin sitiyari ko birki ya tafi, kuma kafin a kai gare su sai an buɗe bayanta. A ɗaga shebur ɗin gaba a bar shi a sama a ga ko zai sauka da kansa. A bi gangar jiki ana neman tsagewa da tabon walda. Sabon fenti ba shaida ba ne, mitar awa ma haka, don ana sauya ta. A ƙarshe a haɗa lambar jikinta da ta takardu: na kwastan in shigo da ita aka yi, na gwanjo in daga ma'aikata ta fito. Mai sayarwar da ya hana a yi ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya ba ka amsa.

Lissafin da ba a yi a gaban dillali

D7 a aiki mai nauyi tana shan lita 25 zuwa 35 na dizal a awa. A ɗauki 30. Yinin awa 8 ya zama lita 240, fiye da duro guda. Tun ƙarshen 2023 litar dizal ta haura naira 1,000 a Najeriya, ke nan man yini ɗaya kaɗai ya wuce naira 240,000, ban da baƙin mai da giris da filta. Wannan kuɗi yana kanka ko ka saya ko ka yi haya, saboda haka sayen ba ya rage shi.

Abin da sayen ke ƙarawa shi ne kuɗin da ba ya tsayawa ko da injin ya tsaya. A ce dajinka matsakaici ne, ana share hekta ɗaya da rabi a yini. Hekta 30 aikin kwana 20 ne. Sauran kwanakin shekara fa? Jarinka yana kwance, albashin direba yana tafiya, na mai gadi yana tafiya, batir na mutuwa, roba na bushewa, ruwan sama na shiga ta salansa. Katafila ba ta biyan kuɗin kanta sai tana aiki ɗaruruwan awoyi kowace shekara, kuma gona ɗaya ba ta da wannan aikin.

Sai jigila. Ba ta hawa kwalta da ƙafarta, sai an ɗauko tirela mai ƙasa-ƙasa ta kai ta, ta kuma dawo da ita. In ta lalace a tsakiyar daji, tan 20 ba abin turawa ba ne. Bakanike ne zai zo wurinta da kayan aikinsa da abin ɗaga ƙarfe, a kwance, a tafi Kano ko Kaduna ko Legas neman kaya, wani lokaci a yi oda daga waje. Kayan kuwa da dala ake sayo su, dalar da ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ana wannan jira ruwan farko zai sauka, damina ta wuce gonar ba a shuka ba. Wannan ita ce asarar da ta fi zafi, kuma ita ce haya ke ɗauke wa manomi: in ta mai haya ta tsaya, agogon biya ya tsaya, gyara nasa ne.

Direba ma ba ƙaramin al'amari ba ne. Sharar daji ta fi tura ƙasa a hanya haɗari. Busasshen reshe yana faɗowa kan mai tuƙi, itace yana lanƙwashewa ya dawo da ƙarfi, tsinke yana huda lagireto, ƙudan zuma suna tashi, ciyawa da ganye suna taruwa a ƙarƙashin injin mai zafi su kama wuta. Da yawa cikin tsofaffin injunan ba su da rumfar ƙarfe mai kare direba, kuma bai halatta a tura ɗan wani daji a kan wadda ba ta da ita ba. Gwanin direba yana ƙara wa katafila shekaru, sabon hannu yana iya gama da kuloci a mako guda. Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi: wanda ya san inda take ciwo shi ke iya lallaɓa ta, sabon mai shi kuwa da kuɗinsa zai koya. Ga kuma batun tsaro, tunda dazuzzukan da suka rage da fili su ne galibi waɗanda 'yan bindiga suka addaba, katafila kuma ba ta gudu.

Darasi daga Kongwa da Mokwa

An taɓa gwada dabarar share daji da tsofaffin katafiloli da ƙarfin gwamnati guda. A 1947 Birtaniya ta fara shirin noman gyaɗa a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, bisa shawarar Frank Samuel na kamfanin UAC. Niyyar ita ce a share fiye da eka miliyan 3. Da yake sababbin injuna sun yi wuya bayan yaƙin duniya na biyu, sai aka kwaso tsofaffin katafilolin sojan Amurka daga Filifin, har aka mayar da tankokin yaƙi na Sherman taraktoci. A Kongwa suka haɗu da saiwoyi masu taurin gaske da ƙasa mai cin ƙarfe, ga ƙarancin kayan gyara da ƙwararrun direbobi. Tun a shekarar farko fiye da rabinsu suka tsaya. A Janairun 1951 aka yi watsi da shirin bayan an narkar da fam miliyan 36. Ba tsufan injuna kaɗai ya kashe shi ba, akwai ƙarancin ruwan sama da gaggawa, amma darasin a fili yake: tsohon inji ba tare da gareji a bayansa ba, ƙarfe ne kawai.

A nan gida, an buɗe shirin noma na Mokwa a 1949, kamfanin raya ƙasashen mulkin mallaka na Birtaniya ya janye daga cikinsa a 1954. Injuna sun share sun yi huɗa, amma noman ciyawa da hannu ake yi, kuma filin da aka ba kowane manomi ya fi ƙarfin iyalinsa. Wannan tarko yana nan har gobe. Wanda ya mallaki katafila yana jin dole ta yi aiki, sai ya share hekta 100 alhali taki da iri da ma'aikatan hekta 20 yake da su. Sauran filin ya zauna tsirara, ruwa da iska su kwashe shi.

Ita ƙasar fa?

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, domin injin da ya lalace ana sayar da shi a kilo, ƙasar da ta lalace kuwa jikoki ne za su gaje ta. Albarkar gonar daji tana cikin baƙar ƙasar sama, wadda a yankinmu sau da yawa ba ta wuce taƙi guda ba. Direban da ya saba aikin hanya zai kafa shebur a ƙasa ya ture itace da kututture da wannan baƙar ƙasa gaba ɗaya, ya tara su a gefe a cinna musu wuta. Mai gona ya ga fili fes, jajawur, ya yi murna. Shekara biyu ko uku masara ta fara rawaya, ya ɗora laifin a kan taki.

An auna wannan a kimiyyance. A cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, Rattan Lal, wanda ya samu kyautar abinci ta duniya a 2020, shi da abokan aikinsa sun gwada hanyoyin shara daban-daban a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980. Sassabe da hannu shi ya fi barin ƙasa lafiya. Yanke itace daidai da ƙasa da wuƙar katafila ya biyo baya. Ture itace da tono saiwa da inji, sannan a bi da garma, shi ya fi haddasa zaizaya da danƙarewar ƙasa.

Don haka in ya zama dole a sa katafila, a sa ta da sharaɗi. A yi amfani da manjagarar ƙarfe mai barin ƙasa ta zube ta tsakanin haƙoranta maimakon shebur zalla. Kada a shiga ƙasa tana jiƙe sharkaf, don nauyin zai danƙare ta. Lokacin da ta sha iska amma da sauran danshi ya fi, domin a tsakiyar rani saiwa tsinkewa take ta bar rabinta a ciki. A jera tarin itace a gicciyen gangare don su tare ruwa. A bar bakin rafi da itatuwansa. Kafin inji ya iso, mai gona ya zaga ya shafa wa ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo fenti, ya ce wa direba waɗannan ba a taɓa su. Daddawa da man kaɗe abincin gida ne da jarin mata, gawo kuwa yana zubar da ganye da damina ya taki gona ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba. A kuma tabbatar da iyaka a gaban mai unguwa da dagaci, a san inda burtali ya bi, a nemi izinin ma'aikatar gandun daji inda doka ta ce a nema. Abin da katafila ta ture a awa ɗaya, shari'ar shekara goma ba ta tayar da shi.

A arewa can, inda daji ya zama sabara da kalgo, tambayar ma ba ta taso ba. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga aikin da Tony Rinaudo ya fara a Maraɗi a 1983, sun nuna cewa kututturen da ke cikin gona dukiya ne: a bar masa reshe biyu ko uku a riƙa gyarawa, ya koma itace. Ta wannan hanya aka kiyasta an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Irin wannan gona gatari da adda take so.

Wa zai saya, wa zai yi haya

Saye ya dace da wanda ya haɗa abubuwa huɗu. Yana da aikin da zai riƙe injin shekara da shekaru: gonaki masu yawa, haƙar madatsar ruwa, buɗe hanyoyin karkara, kwangilar da aka riga aka sa wa hannu, ba alkawarin baki ba. Yana da bakanike da direba amintattu tun kafin ya biya. Yana da kuɗin gyara a ajiye, mai kauri, wanda ba na taki ko na iri ba ne. Kuma injin ya tsallake dubawar da aka bayyana a sama. Ƙungiyar manoma ma tana iya saye, in har akwai mutum ɗaya da ke da alhakin injin, da littafin awoyi, da asusun gyara da ake zuba wa kuɗi daga kowace awa ta aiki. Irin wannan mai saye ya zaɓi samfurin da kayansa suka cika kasuwa, kuma gara mai tsada da ƙafa mai kyau da mai araha da ƙafa matacciya.

Wanda bai haɗa huɗun nan ba, ya yi haya, amma haya mai tsari. A rubuta yarjejeniya: da awa ne ko da hekta, wa ke sayen mai, wa ke biyan tirela, me zai faru in injin ya tsaya. Maƙwabtan gona su haɗa aikinsu a lokaci guda don su raba kuɗin jigila. A bincika ko hukumar bunƙasa filayen noma ta ƙasa, NALDA, wadda aka kafa a 1992 aka kuma farfaɗo da ita a 2020, ko ma'aikatar gona ta jiha, tana da shirin shara a yankin. A fili mai itatuwa jefi-jefi, injin haƙa mai dogon hannu yana cire kututture ɗaya-ɗaya ba tare da ya kankare ƙasa ba. Kuma ba dole ba ne a share komai a shekara guda: hekta 10 bana, a noma, a ga abin da ƙasar ke bayarwa, ribarta ta share na baɗi.

Kafin ka je kallon kowace katafila, zauna da takarda ka rubuta awoyin aikin da kake da tabbacinsu a shekara uku masu zuwa, da sunan wanda zai gyara ta, da inda kuɗin sabuwar sarƙa zai fito. In ɗaya daga cikin layukan nan uku ya zauna babu komai, ka bar kuɗinka ya tafi ga iri da taki da rijiya, ka kira mai haya, ka kuma tsaya a gonar da kanka ranar da zai yi aikin.